Totur da Kalma Arba'in a Minti Ɗaya

Duk layin babu wanda bai san Totur ba, kuma ko baƙo ne kai, idan ka tsaya kusa da shi minti biyu za ka san shi, don shi da bakinsa zai ba ka tarihinsa tun daga farko. Makarantar koyon tuƙi gare shi. Idan ka ji ya ce "makarantata" sai ka zaci gini ne mai hawa biyu, alhali 'yar mota ce guda ɗaya, wadda ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai ta waje. Abin alfaharinsa a cikinta shi ne birki na biyu da aka dasa a gefen malami, daidai ƙafarsa ta dama.

Shekara goma sha ɗaya yana koyarwa, ɗalibinsa bai taɓa buge ko kaza ba. Wannan gaskiya ne. Abin da ba ya faɗa shi ne ɗaliban nasa ba su cika cin gwajin lasisi ba. Kafin ɗalibi ya ga rami, Totur ya riga ya taka birki. Kafin ya hango kwana, Totur ya riga ya miƙa hannu ya murɗa sitiyari. Ranar gwaji kuwa ba a barin malami ya shiga motar. Shi dai a wurinsa masu gwajin ne 'yan baƙin ciki.

Wata rana da azahar yana zaune yana goge takalmi, sai Auta, 'yarsa mai shekara shida, ta dawo daga makaranta ido ya yi ja, riƙe da takarda.

"Wa ya taɓa min ke?"

"Malama ce ta ce nan da sati uku za a yi gwajin karatu. Wanda bai iya ba zai zauna a aji ɗaya." Ta ja majina. "Baba, 'yan bencinmu duk za su tafi aji biyu su bar ni da jarirai."

Totur ya karɓi takardar ya watsa mata ido sau ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, kamar mai duba lambar mota. Idonsa ya faɗa kan wuri guda inda aka rubuta kalma arba'in a minti ɗaya. Nan take ya ninke ta huɗu ya jefa a aljihun gaba.

"Arba'in? Arba'in kacal? A kan arba'in ake sa min 'ya kuka?"

Maman Auta ta leƙo daga wurin wanke-wanke. "Baban Auta, ba ni in gani mana. Na ga takardar cike take da rubutu har ƙasa."

"Na gama da ita. Daƙiƙa biyar. Sauran duk gaisuwa ce da surutun 'yan boko. Magana ɗaya ce a ciki, gudu suke nema, gudu kuwa ai gidansa suka zo."

"Yarinyar da har yanzu take haɗa baƙi ɗaya-ɗaya?"

"Saboda ba ta samu malami ba ne. Ke dai ki sa ido."

Da yamma ya kai maganar bencin Mai Faci, inda mazan layin suke taruwa a gefen tulin tsofaffin tayoyi. Mai Faci mutum ne mai ƙarancin magana, amma idan ya yi ta sai ta huda. Shi da Totur sun shekara ashirin suna maƙwabtaka ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, har da ko za a yi ruwa.

"Karatu da tuƙi abu ɗaya ne," in ji Totur, yana zana layi a ƙasa da tsinke. "Layin rubutu titi ne. Kalma mota ce a gabanka, ka wuce ta. Makaranta tana son arba'in, ni ɗari da ashirin zan kai mata."

"Ɗari da ashirin," Mai Faci ya maimaita, yana danna roba cikin bahon ruwa yana neman inda take hudawa. "To, idan ta isa can, za ta san inda ta biyo?"

"Kai aikinka iska. Bar maganar ilimi ga masu ita."

"Ai na ga kai ma aikin naka kenan, sai dai ni tawa tana shiga taya."

Aka kwashe da dariya. Amma Tela bai yi dariya ba, don shi ma 'yan biyunsa maza ajinsu ɗaya da Auta, kuma irin takardar ta iso gidansa. Ya matso kusa.

"Da gaske kake, Totur? Nawa biyun nan, malamarsu ta ce suna ƙoƙari, amma a hankali suke."

"A hankali! Ka ji cutar. Kawo su gobe. Idan ban mayar maka da su jirgin ƙasa ba, ka ɗinka min riga da buhu in sa in zaga layin nan."

"Na ji da kunnena," in ji Mai Faci. "Buhun ina da shi."

Washegari aka buɗe aji a cikin mota. Totur ya jera yaran uku a kujerar baya, ya manna wa kowa jar alamar 'yan koyo a gadon baya, irin wadda ake liƙa wa mota. Ya rataya usur a wuya, ya ɗaura agogo biyu, ɗaya a kowane hannu, ya durƙusa a kan kujerar gaba yana fuskantarsu. Littafin da ke hannunsu na aji ɗaya ne, labarin wata kyanwa da ƙwallonta.

"Doka ta farko, ba a tsayawa. Kun ga ɗigon nan na ƙarshen magana? Malamarku ta ce a tsaya a wurin, ko?"

"E!"

"Ƙarya ne. Idan ba ɗan sanda, a duba hagu a duba dama a wuce. Auta, tayar!"

Ya hura usur. Auta ta ɗora yatsa a kan kalmar farko, ta buɗe baki. "K... ky..."

"Kyanwa!" in ji Totur. "Wuce!"

"Kyanwa ta... g..."

"Ga! Wuce!"

"Ga... ƙ..."

"Ƙwallo! Ba ta mai, ba ta mai!"

Haka aka yi har ƙarshen shafi. Duk kalmar da yaro ya doso, kafin ya kai gare ta Totur ya riga ya cafke ta ya miƙa masa. Shi a ransa ba wani laifi yake yi ba. Zuciyarsa ce ba ta iya jure ganin ɗalibi ya nufi rami, ko na titi ko na takarda. Da ya ga leɓen Auta ya fara rawa a kan kalma sai ya ji kamar shi ake matsewa, ƙafarsa ta dama ta harba da kanta, bakinsa ya furta.

Cikin kwana huɗu yaran sun kai kalma sittin. Cikin sati ɗaya sun kai tamanin. Totur yana rubuta lissafin da alli a jikin ƙofar mota, inda kowa zai gani, kuma idan mutum ya wuce bai duba ba sai ya danna masa hon.

Abu ɗaya ne ya riƙa ɓata masa rai. Wata safiya ya shigo gida neman makulli ya tarar da Auta tsugune kusa da mahaifiyarta wurin wanki, riƙe da kwalin sabulu.

"Mama, wannan fa, mece ce?"

"Ba ki ga hannuna da kumfa ba? Haɗa da kanki."

"Ku... ku... ra..." Auta ta yi shiru. Maman ta ci gaba da cuɗa riga, ko ɗago kai ba ta yi ba. Shirun ya yi tsawo har Totur ya ji gumi na tsattsafo masa. "Kur... ku... re. Kurkure!"

"To, me aka ce a kurkure?"

"Kaya. Da ru... ruwa."

"Ga shi kin gane. Miƙo min bokitin."

Totur ya dafe ƙirji. "Maman Auta! Minti ɗaya da rabi a kan kalma ɗaya! Ina can ina gyara inji, ke kina nan kina zuba masa yashi?"

"Ni ban koya mata komai ba. Tambaya ta yi na ce ba ni da hannu."

"To daga yau a daina. Duk kwalin da ke gidan nan a juya shi ya kalli bango."

Aka juya kwalaye. Amma Auta yarinya ce mai naci, kuma Maman Auta kullum hannunta da kumfa ko da gari, don haka da zarar mota ta fita sai kwalaye su juyo.

A sati na biyu Totur ya yanke shawarar cewa karatu a tsaye shi ne ke hana yaran gudu. Yaro ba zai san sauri ba sai ya ga itatuwa suna wucewa. Kuma don kada aikinsa ya tsaya, sai ya haɗa darasi biyu a lokaci guda. Yana da wani ɗalibi, dattijo, tsohon akawu da ya yi ritaya, wanda shekara uku kenan yana koyon tuƙi a hannunsa, ya je gwaji sau biyar ya dawo sau biyar. Akawu mutum ne mai ladabi, ba ya musu. Aka ɗora shi a sitiyari, yara a baya, Totur durƙushe a kujerar gaba ya juya wa titi baya.

"Malam Totur," in ji Akawu cikin sanyin murya, "ba za ka duba gaba ba?"

"Ina da ido a ƙeya. Tafi kawai. Yara, tayar!"

Mota ta gangara layin a hankali. "Kyanwa ta ga ƙwallo kyanwa ta bi ƙwallo ƙwallo ta faɗa bokiti," yaran suka haɗa baki.

"Malam Totur, akwai kwana."

"Tamanin da biyar! Ƙara!"

"Malam Totur, ina ganin kamar shagon Mai Faci yana matsowa."

"Casa'in!"

Akawu ya jira birki ya taku kamar yadda yake takuwa kullum. A shekara ukun nan shi bai taɓa taka shi ba. A saninsa mota aba ce mai hankali, idan ta ga abu tana tsayawa da kanta. Ƙafar da ta saba tsayar da ita kuwa tana sama, tana kallon gilashin gaba.

Motar ta shiga rumfar Mai Faci cikin natsuwa, ta ture bahon ruwa, ta sa goshi a tulin tayoyi. Tulin ya yi tunani kaɗan, sannan ya watse. Taya goma sha huɗu suka kama hanya. Ɗaya ta shiga shagon Tela ta kwanta a kan yadin amarya, biyu suka bi mai sayar da lemo, wata ƙatuwa ta babbar mota ta wuce har bakin titi ta tsaya tana juyi. Totur kuwa ya kife tsakanin kujeru, ƙafafu a sama, usur a baki yana ta busawa da kansa. Babu wanda ya ji ciwo, kuma yaran ba su tsaya ba, tunda an hana su.

"Kyanwa ta jiƙe kyanwa ta gudu kyanwa ta hau katanga!"

Mai Faci ya taso daga cikin ruwa, wando ya manne masa a jiki. Ya leƙa ta taga ya dubi ƙafafun Totur.

"Sannu da zuwa. Nawa aka kai?"

"Casa'in da shida," in ji murya daga ƙasan kujera. "Kuma ka lura, ko a hatsari ba su tsaya ba."

Mutane sun riga sun taru, wasu na gara tayoyi suna dawo da su, wasu na riƙe ciki. Totur ya fito ya karkaɗe riga, ya ga jama'a sun haɗu kyauta, sai ya ga ai dama ce. Ya jera yaran a kan bencin da ya tsira, ya hura usur. Suka zuba kamar an buɗe famfo. Aka yi tafi. Tela, da ya fito da niyyar faɗa a kan yadin amarya, sai ya tsaya baki buɗe, har da ƙwalla.

"Totur," in ji Mai Faci, "wancan mai giɓin, littafinsa a kife yake."

Aka duba. Ɗaya daga cikin 'yan biyun, wanda haƙoransa na gaba suka fita, ya riƙe littafin ƙasa a sama. Ɗan'uwansa kuwa nasa a rufe yake, yana fifita da shi.

Totur bai ko ƙifta ido ba. "Kai da ba ka taɓa riƙe sitiyari ba. Ƙwararren direba ai har da baya yana tuƙi. Wannan darasin sati na uku ne, yaron ne ya yi gaba."

"Na rufen fa?"

"Wannan ya fi shi."

Tela ya gyaɗa kai cikin gamsuwa. Mai Faci ya matse ƙafar wandonsa, ya ɗauko wani tsohon buhu daga bayan rumfa, ya kakkaɓe shi, ya rataye a ƙusa inda kowa zai gani.

Ranar gwaji aka jera wa iyaye kujeru a bayan aji, irin ƙananan nan da gwiwar babba ke kaiwa haɓa. Totur ya zo da farar riga da agogonsa biyu da usur, kuma ya gayyato rabin layi. Akawu ne ya tuƙo su. Mai Faci ya rufe shago ya biyo su, ya ce ko ranar aurensa bai ɗoki wani taro haka ba. Maman Auta ta zauna kusa da mijinta tana murza bakin mayafi. Auta tana bencin gaba tsakanin ƙawayenta, ta ƙanƙame hannun ta kusa da ita.

Malama mace ce 'yar siririya mai tabarau, wadda ba ta ɗaga murya. Ta gaida iyaye, sannan ta buɗe jaka ta fito da wasu katuna masu rubutu.

"Ina littafin kyanwa?" in ji Totur.

"Wannan sun saba da shi. Yau sabon labari kowa zai karanta, sannan in yi masa tambaya."

Totur ya gyara zama. "Duk titi titi ne," ya raɗa wa Tela.

Yara huɗu suka yi nasu, a hankali, suna tuntuɓe suna tashi. Totur yana duba agogo yana girgiza kai cikin tausayi. Sai aka kira mai giɓi. Ya karɓi kati, ya ja numfashi, ya saki.

"Kyanwa ta ga ƙwallo kyanwa ta bi ƙwallo ƙwallo ta faɗa bokiti kyanwa ta jiƙe..."

"Ɗari da goma sha takwas!" Totur ya miƙe ya hura usur.

Malama ta jira har ƙurar ta lafa. "Madalla. To faɗa min, ina agwagwar ta tafi?"

Yaron ya dube ta, ya dubi katin, ya dubi babansa. "Wace agwagwa?"

Dariya ta fashe a ajin har wata uwa ta zame daga kujera. Aka kira ɗan'uwansa. Shi ko katin bai karɓa ba, ya ce ba ya buƙata, ya zuba kyanwa daga farko har katanga. Tela ya juyo a hankali ya dubi Totur.

"Kafin in ba ka su, suna haɗa baƙi. Da idona na gani. Yanzu ko takarda ba sa kallo."

"Titin ne sabo, ba su saba..."

"Na san awonka," in ji Tela. "Ba sai na gwada ba."

Sannan aka kira Auta. Ta fito tana jan ƙafa. Ba ta fara kyanwa ba. Ta ɗora yatsa a kan katin, leɓenta ya fara rawa. "A... ag..."

"Agwagwa!" in ji Totur daga baya.

"Baban Auta, don Allah," in ji Malama.

"Ban ce komai ba."

"Agwagwa ta... sh..."

"Shiga!"

"Baban Auta, ko za ka ɗan sha iska a waje?"

Ya fita yana gunaguni. Bai yi nisa ba. Tagar ajin tana da tsawo, sai ya kife wani bokitin shara ya hau, ya sa fuska tsakanin ƙarafa. Auta ta kai kalma ta uku ta tsaya. Totur ya cije leɓe. Ya cije hularsa. Amma ƙafarsa ta dama ba ta san doka ba, ta harba neman birki, bokitin ya fice daga ƙarƙashinsa, ya rage a rataye da ƙarafan taga yana wutsil-wutsil. Kuma ko a hakan sai da ya yi ihu.

"Tafki! Ta shiga tafki! Ta kama kifi! Ta koma gida!"

Ya karance katin duka daga taga, sannan ya faɗo.

Auta ta fashe da kuka. Wannan kukan shi ne ya fi faɗuwar yi masa ciwo. Ya shigo ajin yana ɗingishi, farar riga ta zama ruwan ƙasa, ya zaro takardar nan mai ninki huɗu daga aljihu yana kaɗawa.

"Malama, kada a ɗora wa yarinya laifi! Ku kuka rubuta! Ga shi nan, kalma arba'in a minti ɗaya! Na kawo muku ninki uku, kuma ku canja titi ranar gwaji?"

Malama ta karɓa ta warware ta. "Ka karanta takardar nan duka?"

"Daƙiƙa biyar."

"Na ga alama. Arba'in ɗin nan na ƙarshen aji biyu ne, ga shi an rubuta a gefensa. Abin da muke nema a aji ɗaya shi ne yaro ya san baƙaƙensa, ya haɗa kalma da kansa, ya gane abin da ya karanta. Ko zai kwana a kai." Ta juya wurin Auta ta share mata hawaye da yatsa. "Katinki ya lalace, tunda an karanta miki. Sai mun nemo abin da ba ki taɓa gani ba. Kin taɓa karanta wannan takardar?"

"A'a. Tana aljihun Baba."

"To, a gidanku ba wanda ya taɓa karanta ta kenan. Karanta mana layin nan uku na ƙasa."

Maman Auta ta jawo mijinta ta zaunar da shi kusa da ita. Ajin ya yi tsit. Auta ta ɗora yatsa.

"I... ya... ye. Iyaye." Ta ɗago ta dubi babanta, don ta saba. Bakinsa ya buɗe. Maman Auta ta ɗora dunduniyar takalminta a kan ƙafarsa ta dama ta danna har ƙasa. Bakin ya rufe.

"Ka... da. Kada ku... fa... faɗa wa... ya... yaro... kal..."

Ta tsaya. Totur ya ji kalmar ta taso masa har maƙoshi. Yana ganinta ƙuru-ƙuru, 'yar ƙaramar kalma, kuma 'yarsa tana tsaye a bakinta ita kaɗai. Agogonsa biyu suna ta tafiya. Daƙiƙa goma. Ashirin. Gumi ya sauko masa ta bayan kunne. Dunduniyar ta ƙara nutsewa.

"Kal... ma. Kalma!" Auta ta ja numfashi, ta tsaya a kan ɗigon kamar yadda aka koya mata tun farko. "Ku yi... shi... ru. Ku bar... shi ya... ha... haɗa da... kan... sa."

Minti uku da ɗoriya. Totur ya sani, don idonsa ya je kan agogo da kansa.

"Yauwa," in ji Malama. "To yanzu faɗa min, me takardar take cewa?"

Auta ta yi tunani, ta juyo ta nuna da yatsa.

"Ta ce Baba ya yi shiru."

Abin da ya biyo baya sai da hedimasta ya taso daga ofis ya zo ya ga ko lafiya. Mai Faci ya kwanta a kan tebur yana dukansa da hannu. Akawu ma, mai ladabin nan, ya cire tabarau yana share ido. Malama ta rubuta wani abu a rajista ta ce Auta ta tafi aji biyu, 'yan biyu kuma za ta ba su sati biyu su dawo, da sharaɗin kada su sake shiga mota da littafi. Ƙawayen Auta suka rungume ta har suka faɗi tare.

Totur kuwa idonsa ya cika, ya ce ƙura ce daga bokitin.

A hanyar komawa Akawu ne a sitiyari, Totur a gefensa, ƙafarsa ta kumbura ba ta takuwa. A baya akwai Maman Auta da Auta a cinyarta, da Tela rungume da 'yan biyunsa, da Mai Faci wanda tun daga ƙofar makaranta yake tambayar Tela ko rigar buhun mai dogon hannu za a yi. Da suka shigo layi, sai ga rumfar faci a gabansu, da tulin tayoyin da aka sake jerawa.

"Malam Totur," in ji Akawu, "shagon yana matsowa."

Totur ya ɗaga ƙafa, zafi ya mayar da ita. Ya buɗe baki. Sai ya ji ɗan hannu ya zagayo ta bayan kujera ya toshe shi.

"Baba, ka bar shi."

Shago ya matso. Mai Faci ya daina dariya. Akawu ya leƙa ƙasa, ya ga abubuwan takawa guda uku, ya ƙidaya su da baki, ya zaɓi na tsakiya ya taka da dukkan ƙarfinsa. Kowa ya yi gaba ya dawo. Motar ta tsaya, saura taku ɗaya ta taɓa bahon ruwa.

Akawu ya daɗe yana kallon ƙafarsa. "Ashe ni ma ina da shi," ya ce.

Auta ta janye hannunta. Totur ya gyara hula, ya sauke gilashi, ya leƙa ya dubi mutanen layin da suka taso.

"Kun gani ko? Sabon tsarina ne wannan. Na daɗe ina shirya shi."

"Haka ne," in ji Tela, yana zaro igiyar awo daga aljihu. "Ɗaga hannu."